Rumbu ɗaya ko da yawa: inda manhajar intanet ke ajiye bayananta

Idan mai sayayya ya ƙara kaya a kwandon shafin kasuwanci amma jimillar kuɗi ba ta canza ba, galibi kowane ɓangaren manhajar ne ke riƙe da nasa lissafi. Maganin shi ne rumbun da duka za su riƙa ɗiba daga ciki.

Redux, wadda Dan Abramov da Andrew Clark suka fitar a 2015, ta tara komai a rumbu ɗaya, ba a canza shi sai da umarni bayyananne. Pinia, wadda masu Vue ke ba da shawarar a yi amfani da ita, ta rarraba: kwando da nasa rumbu, asusun mai saye da nasa. Rubutun akwatin bincike kuwa, tunda ɓangare ɗaya ke buƙatarsa, gara ya zauna wurinsa.