Bardok: Ƙarangiyar Turai da Amfaninta

Duk ɗalibin da ya taɓa ratsa gona da kaka ya san halin ƙarangiya. Kafin ka kai gida ta cika ƙafar wando, sai ka zauna kana cirewa ɗaya bayan ɗaya kana tsaki. Mutanen Turai ma suna da irin tasu, sunanta bardok. Ba danginta ɗaya da ƙarangiyarmu ba, amma halinsu na maƙalewa ɗaya ne. Labarin wannan shuka ya isa a yi nazari a kai, domin abin da manomi ke tugewa ya jefar, shi ne ya zama abinci a wata ƙasa, ya kuma zama tushen wata babbar sana'a.

Asalin bardok daga ƙasashen sanyi ne na Turai da Asiya. Yana fitowa a bakin hanya da gefen gonaki, ba sai an shuka ba. Shekara biyu yake rayuwa. A shekara ta fari yakan shimfiɗa manyan ganyaye faffaɗa kusa da ƙasa, yana tara abinci a cikin saiwarsa, wadda takan nutse har kusan mita 1. A shekara ta biyu sai ya miƙe da kara mai tsawon mita 2 ko fiye, ya yi fure mai launin shunayya. Idan furen ya bushe, sai ya bar ɗan ƙullutu mai ɗauke da iri, jikinsa duk ƙananan ƙugiyoyi. Da dabba ta gifta sai ƙullutun ya kama gashinta, ta kai irin wani wuri. Ta haka shukar da ba ta da ƙafa take yin tafiya.

Amfaninsa na farko shi ne abinci. A Jafan ana nomansa da gangan, suna kiransa gobo. Sukan tone saiwar tun a shekara ta fari kafin ta yi tauri, su kankare, su yanka siri-siri, su soya tare da karas. A Ingila kuwa an daɗe ana haɗa saiwar da wata ciyawa ana yin abin sha. Saiwar tana da wani sinadari mai suna inulin, wanda ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinmu.

Masu maganin gargajiya na Turai da Sin sun daɗe suna ba da saiwar don ƙuraje da sa fitsari. To, a nan akwai gargaɗi. An taɓa samun mutanen da suka sha shayin bardok suka kwanta asibiti, saboda an gauraya shi da saiwar wata shuka mai dafi da ta yi kama da shi. Wannan darasi ne gare mu: kada a sha jiƙon saiwar da ba a tabbatar da ita ba, ko da an ce daga Turai ta zo.

Amfanin da ya fi shahara kuwa ya faro ne a shekarar 1941. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna George de Mestral ya fita daji da karensa. Da suka dawo sai ya ga bardok ya maƙale wa tufafinsa da gashin karen. Maimakon ya cire ya zubar, sai ya sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Nan ya ga ƙugiyoyin suna kama duk zaren da ya lanƙwasa. Sai ya ce a ransa, me zai hana a saƙa ƙyalle biyu, ɗaya mai ƙugiyoyi, ɗaya mai lanƙwasassun zare?

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Ya fara da auduga, ta riƙa lalacewa da wuri, sai ya koma ga nailan. Ya shafe fiye da shekara goma yana gwaji kafin ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1955. Ya raɗa mata suna Velcro, daga kalmomin Faransanci biyu masu nufin karan-miski da ƙugiya. Daga baya 'yan sama jannatin Amurka suka yi amfani da shi don kada kayansu su riƙa shawagi a cikin kumbo. Yau ga shi a takalman yara, da jakar makaranta, da abin awon jini da ake ɗaura wa mara lafiya a dantse.

Ɗalibai, dubban mutane bardok ya maƙale wa kafin de Mestral, amma shi ne ya tsaya ya duba. Mu ma ƙarangiyarmu ba banza ba ce, domin a shekarun fari mutanen Sahel sun sussuke ƙwayarta sun yi tuwo sun rayu. Saboda haka in ta sake kama muku wando, ku ajiye guda ɗaya, ku kawo ɗakin kimiyya mu duba ta tare.