Tufafi Daga Jikin Itace: Wa Ke Fitar Da Markaɗe, Wa Ke Cin Riba?

Da yawa daga yadudduka masu santsi da ake sayarwa a Kantin Kwari a Kano ba daga auduga aka samo zarensu ba, daga itace ne. Ana kiran wannan zare biskos ko rayon. Tushensa wani farin markaɗen itace ne da ake busarwa kamar kwali, a ɗaure shi dami-dami, a yi safararsa a jiragen ruwa. Ana ce masa markaɗe mai narkewa, domin sai an narkar da shi cikin sinadarai kafin a ja shi ya zama zare.

Jikin itace ya ƙunshi manyan abubuwa uku: selulos, wanda ya kai kusan rabin nauyin busasshen itace, sai hemiselulos, sai lignin, wato ƙaron da ke haɗe zaruruwan. Mai yin takarda yakan bar hemiselulos da dama a cikin markaɗensa. Mai yin zare kuwa dole ya tace har selulos ya wuce kashi 90 cikin 100. Wasu masana uku a Ingila, Cross da Bevan da Beadle, su ne suka yi rajistar hanyar yin biskos a 1892, kamfanin Courtaulds kuma ya fara sana'anta shi a 1905. Ban da tufafi, da wannan markaɗe ake yin matatar bakin sigari da wasu sinadaran haɗa ƙwayoyin magani.

Da farko sana'ar tana hannun ƙasashe masu arziki da ke da dazuzzukan sanyi, irin su Amurka da Kanada da Suwidin da Norwe. Abin da ya karkato da ita zuwa kudu shi ne saurin girman itace. A arewacin Turai bishiya takan shekara 60 ko fiye kafin a sare ta, alhali itacen turare a Barazil yakan isa sara cikin shekara 7. Masana'antar Saiccor da ke Umkomaas a Afirka ta Kudu ta fara aiki a 1955, kuma tana cikin mafi girma a duniya. A Barazil, kamfanin Bracell ya buɗe sabuwar masana'anta a 2021, LD Celulose kuma ta fara aiki a 2022 da ƙarfin tan 500,000 a shekara. Indunusiya ma ta shiga sahun gaba.

To amma yawan tan daban, yawan riba daban. Galibin abin da ƙasashen kudu ke fitarwa markaɗen yin tufafi ne, wanda farashinsa ke hawa da sauka tare da na auduga. Nau'in da aka fi tacewa, mai tsada, wanda ke shiga magunguna da matatai, kamfanoni irin su Borregaard na Norwe da masana'antar Jesup a Amurka ne suka yi fice a kansa. Haka kuma kamfanin Lenzing na Ostiriya ne ke da kashi 51 cikin 100 na LD Celulose.

Wani rauni shi ne dogaro da mai saye ɗaya. Sin ce ke sarrafa fiye da rabin zaren biskos na duniya, ita ce kuma ta fi kowa sayen markaɗen. A 2014 ta ɗora haraji na musamman kan wanda ke zuwa daga Amurka da Kanada da Barazil, masu fitarwa suka ji a jikinsu.

Sannan akwai asarar da ba ta shiga lissafin kwastan. Gandun turare yana shan ruwa sosai, abin da ya sa a Afirka ta Kudu sai da lasisin ruwa ake dasa shi. A tsibirin Sumatra, faɗaɗa gandun itacen markaɗe ya cinye daji da fadamu, ya jawo rigimar filaye da mazauna.

Su kuwa ƙasashe mafi talauci, kusan babu su a wannan kasuwa, domin masana'anta guda kan ci fiye da dala biliyan 1, ga buƙatar ruwa da lantarki da tashar jirgin ruwa. Nijeriya ta kafa masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma ba su ɗore ba. Bishiyar turare tana girma a ƙasar nan, abin da ya rage shi ne ilimin sarrafa ta, kuma daga ajin kimiyya na sakandare wannan ilimi yake farawa.