*ASIBITI BA SAI KA SAYAR DA GONA BA: YADDA TALAKA ZAI SHIGA INSHORAR LAFIYA*

'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, yau ba maganar zuma ko habbatus sauda na kawo muku ba.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini ɗansa, yaro yana murƙususu da ciwon ciki ta ɓangaren dama, ga zazzaɓi ga amai. Na ce masa, Malam, wannan ba aikina ba ne, a tafi asibiti yanzun nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ai daga can suke, an ce sai an yi tiyata, kuɗin ne babu. Sai da aka yi karo-karo a masallaci, shi kuma ya sayar da akuyoyin matarsa, sannan aka yi aikin. Yaro ya tashi, alhamdulillah. Amma wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin akwai hanyar da zai bi tun kafin ciwon ya zo, bai san da ita ba.

*Me ya canza?*

A da, tsarin inshorar lafiya na NHIS, wanda ya fara aiki a 2005, ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu kusan duk suna waje. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da kuma marasa galihu.

Tun kafin wannan akwai dokar lafiya ta 2014, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Wannan asusu shi ake kira BHCPF. Da shi ake biya wa talakan da aka yi wa rajista, ya je asibitin mazaɓarsa a duba shi ba tare da ya biya ba.

*To ya halatta?*

Na san tambayar da ke ranka ke nan. Malamai sun rarrabe. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar maka da alƙawari don ya ci riba, mafi yawansu sun hana saboda gararin da ke cikinta. Amma ta taimakekeniya, wadda jama'a ke tara gudummawa a asusu ɗaya don a yi wa wanda ya kwanta magani, sun halatta ta. Haka Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke a 1985. Asalin abin ma yana cikin Sunna: Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'arawa saboda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan haɗa abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai. Shi ya sa za ka ji hukumomin jihohinmu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, sunansu na taimakekeniya ne. Idan ka biya ba ka yi ciwo ba, ka yi niyyar sadaka, kuɗinka ya yi wa wani magani.

Kuma kada wani ya ce maka wannan rashin tawakkali ne. Riƙo da sababi ba ya kore dogaro ga Allah.

*Ƙofofin shiga*

1. Idan kana cikin masu rauni, je asibitin matakin farko na mazaɓarka ka tambayi shugaban asibitin ko ana rajistar BHCPF. Gurbi yana da iyaka, ba kowa ke samu a karon farko ba. Ka bar sunanka, ka riƙa leƙawa, ka kuma sanar da mai unguwa.

2. Idan kana da sana'a, je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharka. Ana biyan wani abu a shekara, a ba ka kati, ka zaɓi asibiti.

3. Akwai kuma tsarin GIFSHIP na NHIA, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya ke iya shiga. 'Yan kasuwa, mahauta, direbobi, malaman Islamiyya, ku haɗu ku je tare. Mai hali kuma zai iya biya wa marayu da gajiyayyun unguwarsa.

*Ka kiyaye waɗannan*

Ka tafi da lambar NIN ta kowa a gidan. Wanda ba shi da ita a fara yi masa.

Kada ka jira sai ciwo ya kwantar. Yawanci akwai lokacin jira tsakanin rajista da fara amfani da kati.

Ka tambayi abin da katin ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba. Zazzaɓin cizon sauro, awon ciki, haihuwa, hawan jini da ciwon suga galibi suna ciki, amma wasu manyan ayyuka ba duka ake ɗauke maka ba.

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitinka, ka karɓi takardar turawa kafin ka wuce babban asibiti.

Kada ka ba kowa kuɗi a kan titi ko ta waya da sunan rajista. Ofis za ka je, ka karɓi rasit.

Idan an wulaƙanta ka ko an ce babu magani, kai ƙorafi wurin hukumar, haƙƙinka ne.

Ni dai shekaru na yi ina ba da magani, kuma ina ganin amfaninsa da iznin Allah. Amma naƙudar da ta yi tsawo, da ƙabar da ta shaƙe, da ƙarin jini, babu saiwar da za ta tsaya a madadin asibiti. Duk wanda ya ce maka akwai, ya cuce ka.

Ka tura wa ɗan uwanka wannan saƙo, musamman mai mata da ciki ko tsoho a gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raba mu da ciwon da zai tona mana asiri. Amin.

Wassalamu alaikum.