Zakarun da Suka Yi wa Tsakar Gida Yawa

Kaza ta kwanta a kan ƙwai, bayan kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kusan rabin 'yan tsakin maza ne. Zakara ɗaya kuwa ya ishi kaji goma. A gidaje da yawa nan Daura da ƙauyukan Zango da Baure, sauran barinsu ake yi su yi ta gararamba, su cinye dusa, su fasa wa juna kai, su hana kaji sakat har gashin bayansu ya zube. Wannan asara ce, kuma a kan mata take faɗawa, don galibi su ne masu kajin.

Gwaggona a Sandamu ba ta lamuntar haka. Da zanko ya yi ja, ɗan zakara ya fara gwada cara da shaƙaƙƙiyar murya, wato wajen wata huɗu zuwa biyar, sai ta zaɓi mai faɗin ƙirji ta bar wa kaji, sauran ta kulle su a akurki ƙarƙashin darbejiya. Abincinsu jiƙaƙƙiyar dusar gero, tsakin dawa, dakakken ƙuli-ƙuli, ragowar tuwo, da ruwa mai tsabta kullum. Zakaran da ya daina tsere da faɗa, abin da ya ci a jikinsa yake zama. Bayan mako uku ko huɗu takan kamo ɗaya ta shafa ƙashin ƙirjinsa da babban yatsa. In ƙashin ya nutse cikin tsoka sai ta ce, "Ɗan nan, kira Baffanka ya zo da wuƙa."

Kada kuma a bari hunturu ya riske su. Lokacin ne cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ta fi share akurki, ka ga kaza ta saki fukafuki, wuya ya karkace, kwana kaɗan gida ya zama wayam. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta, har da wanda ake ɗigawa a ido, kuma ya kamata kajin da za a bari su samu. Rarar zakaru kuwa a ci su ko a sayar tun suna da lafiya. Masu saye ba sa yankewa: ga baƙin Sallar Gani, ga ƙaramar Sallah, ga cika-ciki, ga kasuwar Mai'adua kowace Lahadi.

A wajen dahuwa aka fi zaluntar zakaran gida. Kazar gona a mako shida zuwa takwas ake yanka ta, namanta lugub. Shi kuwa ya yi watanni yana hawa katanga, jikinsa duk jijiya. In aka tsunduma shi a mai kai tsaye, sai an yi kokawa da shi a kwano, a dawo ana cewa zakara ya cika tauri.

Haƙuri yake so. Bayan an fige, a babbake shi kaɗan a wutar kara, ƙamshin daga nan yake farawa. A cire matsarmama a hankali kada ta fashe a kan hanta, a tsaga ƙundu a ɓare fatar cikinsa. Sai a yayyanka, a cuɗa da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da gishiri, a ɗora ba ruwa, a rufe ya tsotse yajin cikin ruwan jikinsa. Daga nan a ƙara ruwan zafi da ɗan daddawa, a janye itace, a bar shi yana ɓararraka a hankali awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Jijiyar nan ita ke narkewa ta ba romo kauri, har ya riƙa kama leɓe. Irin farfesun da ake kai wa mai jego ke nan, kuma cokali biyu na romon na gyara tukunyar miyar kuka. Masu jefa farasitamol don nama ya yi saurin laushi su ji tsoron Allah. Hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a a kan haka, domin hanta da ƙoda yake cutarwa.

Tsohon zakara, wanda ya shekara biyu yana cara, dambu ya fi dacewa da shi. A dafa har tsoka ta saki ƙashi, a daka a turmi, a soya a man gyaɗa ya bushe ƙarau. In an rufe shi da kyau yana yin makonni bai lalace ba, ya isa guzurin ɗalibi mai komawa makarantar kwana.