Jakar ciki ba ƙarshen rayuwa ba ce

Ƴan uwa mata, idan aka tura majinyaciya daga Kance zuwa likitar Matamaye, daga can zuwa babbar likitar Damagaram, aka ce sai an yanke babban hanji, hankalin gida kan tashi. Abin tsoron shi ne ƙofar da ake buɗewa a gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin jakar roba.

To, hanjin da ya murɗe ko ya toshe ba ya jiran a sayar da akuya. Jinkirin kwana guda na iya kisa. Sau da yawa kuma ƙofar ta wucin gadi ce, bayan ƴan watanni a sake haɗa hanjin. Ko ta dindindin ce, mace na girkinta, tana cin kasuwarta, tana sallarta.

Ku tambayi lokotoro: za a rufe daga baya? Ina ake samun jakunkunan, nawa ne? Ana canza su a kai a kai, kuɗinsu ba ya yankewa. Nan asusun taimako na Mata Masu Dubara ke da aiki: kuɗin mota, kuɗin jaka. Ranar zubi kuma a zauna tabarma ɗaya da ita, ban da ƙyama.