Yadda Haske Ke Tona Asirin Gudu

Duk wanda motar asibiti ta taɓa wucewa ta gabansa ya san jiniyarta na yin tsini idan tana tahowa, ta yi kauri da zarar ta ba da baya. Christian Doppler ya bayyana dalili a 1842, kuma haske ma haka yake: in ya bugi abin da ke tahowa ya dawo, yawan kaɗawarsa na ƙaruwa. Sai dai ƙarin bai taka kara ya karya ba. Jan hasken leza na iskar hiliyom da niyon yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 474 a sakan ɗaya, abin da ke tafiyar mita ɗaya a sakan kuwa, tafiyar mai yawon shan iska, miliyan 3 da 'yan kai kawai yake ƙara masa. Kashi ɗaya cikin miliyan 150 ke nan, kuma babu na'urar lantarkin da za ta bi kaɗawar haske tana ƙirgawa.

Hikimar ita ce a bar ƙirga hasken, a gwama shi da ɗan'uwansa. Mai ɗaure garaya ya san wannan: in tsirkiya biyu suka kusa daidaita, sai a ji amon yana kumbura yana sacewa, kuma saurin wannan bugun shi ne ratar da ke tsakaninsu. To, haka ake raba hasken leza gida biyu, a aika ɗaya ya bugo abin da ke gudu, a riƙe ɗaya, sannan a haɗa su a kan idon na'ura. Bugun da ya fito miliyoyi ne kawai, ƙirga shi ba wuya. Daga rediyo aka aro dabarar, inda Reginald Fessenden ya fito da ita a 1901. A 1964 Yeh da Cummins na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka auna gudun ruwa cikin bututu da ita, ba tare da sun tsoma wata na'ura a ciki ba.

Wani zai ce ai rada na wannan aikin tun tuni. Gaskiya ne, kuma a hazo ko ruwan sama rada ta fi, domin leza ba ta nisa a nan. Amma zangon hasken leza gajere ne ƙwarai, har ƙurar da ido ba ya gani tana maido shi, shi ya sa tun 2002 filin jirgin saman Hong Kong ke leƙa iskar da ke saukowa daga duwatsun Lantau da ita, ko da sama garau take. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne bugun bai san gaba da baya ba: mai tahowa da mai tafiya bugu ɗaya suke bayarwa. Maganinsa, a gusar da hasken da aka riƙe da sanannen adadi, galibi miliyan 40, sai mai tahowa ya faɗa gefe guda na adadin, mai tafiya ɗaya gefen. Abin da ya gitta ta gefe ne yake kuɓucewa, sai an ƙaro haske daga wata kusurwa.