OMG: Haruffa Uku a Bakin Yaranmu

Iyaye da yawa a Birnin Kebbi da Argungu sun sha ganin waɗansu haruffa uku cikin saƙonnin da yaransu su ke aika wa juna ta waya, wato OMG. Yanzu ma abin ya sauko daga rubutu ya shiga baki. Za ka ji yarinya ta ga sabon atamfa a kasuwa ta ce "o-em-ji", ƙaninta da bai shiga aji uku ba shi ma ya ɗauka. In ka tambaye su ma'anarsa, waɗansu su ce Turanci ne kawai, waɗansu su yi dariya. Ya kamata mu san abin da ke fita daga bakin 'ya'yanmu, gama cikin haruffan nan uku akwai sunan Allah.

Ma'anarsa

OMG taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci uku, Oh my God, wato "Ya Allahna". Amma masu rubuta shi ba safai su ke nufin addu'a ba. Su kan sa shi domin mamaki, ko murna, ko tsoro, ko fushi, wani lokaci ma domin ba'a. A bikin kamun kifi na Argungu na shekarar 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Hoton irin wannan giwan ruwa in ya shiga Facebook, OMG ne matasa su ke jerawa a ƙarƙashinsa, ma'ana "Kai, wannan kifi da girma ya ke!" Ɗalibar da ta ci jarrabawa ta rubuta shi don murna, wanda aka ɗauke masa wuta yana tsakiyar kallon ƙwallo shi ma ya rubuta don haushi. Kalma ɗaya ke nan ta ke aikin "kai!" da "tabɗi!" da "kash!" da "haba!" duka.

Daga ina ya fito?

Mutane suna tsammani yaran zamani ne suka ƙago shi, amma ya girmi kakanninsu. Wuri mafi daɗewa da aka same shi a rubuce shi ne wata wasiƙa ta ran 9 ga Satumba, 1917, wadda Lord Fisher, tsohon shugaban mayaƙan ruwa na Ingila, ya aika wa Winston Churchill. Dattijon yana da shekara 76 a lokacin, yana kuwa yi wa wata sabuwar lambar girma shaguɓe ne. Daga nan kalmar ta yi shiru shekaru da dama, sai da intanet da saƙon waya suka zo ta farka.

Dalilin yaɗuwarta a fili ya ke. Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001, saƙo ɗaya kuwa ba ya wuce haruffa 160, kowane saƙo da kuɗinsa. Saboda haka kowa ya koyi datse magana. Waƙoƙi da finafinai suka ƙara mata gudu: mawaƙin Amurka Usher ya fitar da waƙa mai wannan suna a 2010, a 2012 kuma aka yi fim ɗin Indiya mai suna haka. A 2011 babban ƙamus na Oxford ya karɓe ta, tare da 'yar'uwarta LOL, wadda ke nufin mutum yana ƙyalƙyala dariya.

Irin waɗannan haruffa su kan ruɗe har manya. A 2012 aka bayyana gaban wani kwamitin bincike a Landan cewa David Cameron, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya daɗe yana rufe saƙonsa da LOL, yana zaton gaisuwar ƙauna ce. In ɗan Ingila ya yi wannan tuntuɓe cikin harshen uwarsa, ina ga yaronmu da ya tsinci kalmar a waya?

Suna abin girmamawa ne

Mu a ƙasar Hausa mun san nauyin suna. Matar kirki ba ta kiran sunan mijinta gatsau, sai ta ce Maigida ko Baban wane. Uwa ta kan ji kunyar faɗin sunan ɗanta na fari. In an sa wa yaro sunan kakansa, sai a riƙa ce masa Baba ko Abba, don kada a yi ta jefa sunan dattijo a tsakar gida. Ba wanda zai tsaya a ƙofar fadar Sarkin Kabin Argungu ko ta Sarkin Gwandu yana ƙwala wa sarki kira da sunan yanka don ya ga babban kifi. To, in haka mu ke yi wa mutum ɗan'uwanmu, yaya za mu yi da sunan wanda ya halicce mu?

Doka ta uku cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:7, ta hana mu ɗaukar sunan Allah da wasa. Yahudawa sun riƙe wannan da ƙarfi har suka daina furta sunan nan mai tsarki, suna sa wata kalma mai ma'anar Ubangiji a madadinsa. Turawa ma na dā sun ji nauyin abin, shi ya sa tun ƙarni na 18 suka ƙago kalmar gosh don su kauce wa faɗin God. Har yau akwai masu cewa su Oh my gosh su ke nufi da OMG. Amma mai karanta saƙo ba ya ganin zuciyar mai rubutu, haruffa kaɗai ya ke gani.

A lura, ba kowane kiran Allah ne banza ba. Masuncin da kwalekwalensa ya kife a Gulbin Rima ya ce "Wayyo Allah!", wannan kuka ne na gaske, Allah kuwa yana jin irinsa. Abin tambaya shi ne, sa'ad da bakinmu ya kira shi, zuciyarmu tana wurinsa?

Mu manya fa?

Kafin mu ɗaga wa yara murya, sai mu saurari kanmu. Sau nawa mu ke cewa "Wallahi" ko "Allah kuwa" a kan farashin tiyar shinkafa, alhali mun san za mu rage? Sau nawa mu ke rantsuwa za mu zo gobe, ba mu da niyyar zuwa? Yaron da ya tashi yana jin sunan Allah ya zama gishirin ciniki a bakin ubansa, ba zai ga laifin OMG ba. Yesu Almasihu a Matiyu 5:33-37, da Yakubu 5:12, sun koya mana mu zama masu gaskiyar da ba ta bukatar rantsuwa. A garuruwanmu muna zaune da maƙwabta Musulmi masu ɗaukaka sunan Allah ƙwarai, suna kuwa auna bangaskiyarmu da abin da su ke ji daga bakinmu.

Abin da za mu yi a gida

Da fari, mu tambayi yaro cikin natsuwa ko ya san ma'anar abin da ya rubuta. Sau da yawa bayani ɗaya ya isa, ba sai an kai ga tsawa ko ƙwace waya ba. Na biyu, mu tuna masa Hausa ba ta rasa kalmar mamaki ba: akwai kai, ashe, tabɗi, assha, madalla. Na uku, mu koya masa cewa kowace magana da wurinta. Haruffan nan ba su da gurbi a takardar jarrabawa, ko wasiƙar neman aiki, ko saƙo zuwa ga malami ko fasto. Balle in an sanar da rasuwa: wanda ya yi rashi yana bukatar "Sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ku", haruffa uku ba za su share masa hawaye ba.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ta waya ma ta fi, gama tana nan a rubuce, ana iya tura ta ga mutum ɗari kafin gari ya waye. A lokacin addu'ar iyali ta daren yau, bari mu karanta Fitowa 20:7 tare da yaranmu, mu tambaye su abin da suka gane, mu kuma yarda su riƙa tuna mana duk sa'ad da namu bakin ya zame.